Bangon da Ya Ƙi Shuɗi

A San Telmo mutum ba ya zaɓar launinsa, gadonsa yake yi kamar yadda ake gadon hancin uba. In kakanka shuɗi ne, kai ma shuɗi ne har ka shiga ƙasa, in kuwa ja ne, ja za a binne ka. Ka tare kowa a hanya ka tambaye shi bambancin jam'iyyun nan biyu, sai ya sosa ƙeya ya ce ai babansa ya sani. Duk da haka kowane gida yana da ɗamarar fenti a gindin bango, daga ƙasa zuwa ƙugun mutum, shuɗiya ko ja, don kada baƙo ya yi kuskuren ƙofar da zai roƙi ruwan sha.

Gida ɗaya ne ba shi da ɗamara, kuma abin dariya, gidan mai shafen garin ne, Evaristo Buitrago. Shuɗi ne ta wajen uwa da uba. Ranar zaɓe yakan zura kansa cikin bargon ulunsa, ya je ya jefa ƙuri'ar da ubansa ya jefa, ya dawo ya ɗauki buroshi. Amma launin da yake ƙauna ba na kowa ba ne. Yakan jiƙa farar ƙasa, irin ta dutsen da aka ƙona, wadda take tafasa da kanta cikin gora ta kuma ci fatar hannu, sa'an nan ya zuba mata ƙasar gaɓar rafi kaɗan kaɗan, yana motsawa, har ta koma kamar madarar da aka jefa wa mazarƙwaila. Garin kan dutse ne, sanyi ba ya barinsa, kuma Evaristo ya yi imani wannan launi yana riƙe ɗumin rana. Shuɗin jam'iyyarsu kuwa, mai duhun nan, cewa yake in ka shafa shi a ɗaki sai ka ji kana laluben bargo da tsakar rana. Iyakar ra'ayinsa ke nan a duniya, kuma ko shi sai an matsa masa yake faɗa, domin mutum ne da magana take yi wa wuya. Matarsa Hermelinda takan ce ta auri bango mai shafen bango.

Ƙofarsa tana kallon ƙofar Belisario Rincón, mai alfadarai, ja tun daga kakanni, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin baki. Shi kam ba a jiran a matsa masa. In ya fito da safe ya ga Evaristo a kan tsani, sai ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, ya tambaye shi ko yau ma kashin jaririn za a shafa wa mutane. Yakan ce launin matsorata ne, launin wanda aka tambaya ina ka nufa ya ce nan da can. Evaristo sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Da yamma kuma ka same su a benci ɗaya da ƙoƙon giyar masara, ɗaya yana zuba surutu, ɗaya yana gyaɗa kai.

Da Tránsito matar Belisario ta haifi 'ya mace, Evaristo suka ba ya riƙe ta a gaban limamin coci ranar baftisma. Mutanen gari sun yi gunaguni, wai ja ya kai 'yarsa hannun shuɗi. Tun daga ranar Belisario da Evaristo suka daina kiran juna da suna, sai kompadre, Tránsito kuma ta zama komadre. A wajenmu wannan kalma ta fi jini nauyi. Ɗan'uwanka kana iya zaginsa, kana iya kai shi kotu kan iyakar gona, amma wanda ya riƙe ɗanka a bakin ruwan baftisma ba ka ɗaga masa murya, kuma kalmar in an ba ka ita, ba a janye ta. Evaristo da Hermelinda ba su taɓa haihuwa ba, shi ya sa duk lokacin da Tránsito ta leƙo da kwanon wainar masara ta ce, "Kompadre, a taɓa," yakan ji kamar an ƙara masa tsawo.

Haka aka zauna har shekarar da rafi ya fara kawo gawa. Ta farko mata masu wanki suka gani, hannuwanta ɗaure ta baya da igiyar alfadari, babu kai. Daga baya aka daina ƙirgawa, aka kuma daina wanki a ƙasan gada. Labari ya zo cewa a ƙauyukan kwari an rufe mutane cikin gidajensu an cinna wuta. Masu wannan aiki shuɗɗa ne, amma ba shuɗɗan da muka sani ba, baƙi ne da ake ɗebowa daga nesa a babbar mota. Tsuntsaye ake ce musu, don sukan sauka, su yi ɓarna, su tashi. Ba su san fuskar kowa ba, ba su san wa ya haifi wa ba. Bango suke karantawa.

Wata ranar kasuwa suka fara sauka a San Telmo. Babbansu wani siriri ne mai tsabtar farce, sunansa Telésforo, wanda aka ce ya taɓa zama mai kaɗa ƙararrawar coci a garinsu. Muryarsa a ƙasa take, kuma kowa sumerse yake ce masa, wato ranka ya daɗe, har wanda zai yanka. Tsoho Aurelio mai sayar da dankali ya manta da jan ƙyalle a wuyansa, wanda yake ɗaurawa don tari, ba don siyasa ba. Telésforo ya kwance masa shi da ladabi, ya ninke, ya roƙe shi ya buɗe baki. Yaransa suka cusa ƙyallen da bakin bindiga har haƙoran tsohon suka zubo kan dankalinsa. Suka sare kan wani jan zakara da ke ɗaure a gindin tebur, suka yi ta dariya yana tsalle. Sa'an nan Telésforo ya hau matakalar coci ya sanar, ba tare da ya ɗaga murya ba, cewa za su dawo Lahadi bayan sallar coci, kuma gidan da ba su same shi shuɗi ba, ba gida ba ne.

Kafin dare ya yi jajayen garin sun fara ɗaure kaya. Wasu sun tsira. Wasu an tsince su a hanyar kwari, mata da yara a jere a gefen titi, kajinsu na ɗaure har yanzu a kwando. Belisario ma ya sa wa alfadarai sirdi, Tránsito ta goya yarinya. Evaristo ne ya tsallaka layi ya riƙe linzami. Ya yi magana ranar fiye da yadda ya yi a shekara. Ya ce hanya ta fi gida haɗari, ya ce mutanen nan bango kawai suka sani, bango kuwa aikinsa ne. Ya yi rantsuwa da ruwan da aka zuba wa yarinyar cewa zai rufe jan nan yadda ko uwar Belisario ba za ta gane gidan ba. Belisario ya ce wa matarsa ta sauke 'yar, tunda bebe ya yi magana ai dole a saurara.

Duk shuɗɗan garin suka auka wa Evaristo, kowa yana son a sabunta masa ɗamara. Hodar shuɗin fenti gwangwani ɗaya aka samu a kanti, shi ya dama da ruwan danƙo, ya bi gida gida. A kan tsohon bango shuɗin yana zama daram, mai duhu, mai sanyi, har layin ya koma kamar ana makoki. Da ya zo kan nasa bangon, ya tsaya da buroshi a hannu yana kallon launin madararsa, Hermelinda ta daka masa tsawa daga ciki ta ce ya shafa ko ta fito ta shafa da tsintsiya. Ya shafa, zuciyarsa tana ciwo.

Gidan Belisario ne matsala. Ya gwada shuɗin a kusurwa, kan jar ɗamarar, sai ya fito launin hanta, abin da ko makaho zai gane. Ya gwada kankarewa, ya tarar jan ya sha cikin ƙasar bangon tun zamanin kakan Belisario, in ya ci gaba sai ya bar tabon da ya fi jan tona asiri. Sai ya yi abin da kowane mai shafe zai yi: ya dama sabuwar farar ƙasa mai kauri ya binne jan a ƙarƙashinta, ranar Juma'a. Ya san sabuwar farar ƙasa tana da zafi, ya san ana barinta ta yi makonni ta mutu kafin a ɗora mata wani launi. Maigidan da ya koya masa aiki ya sha faɗa masa. Amma Lahadi ba ta jiran makonni, kuma a zatonsa iyaka shuɗin ya ɗan koɗe. Ranar Asabar ya ɗora shi, ya ƙarar da abin da ya rage a gwangwanin har ya kankare gindinsa. Bangon ya yi kyau ƙwarai, ya fi na kowa. Belisario ya fito ya tofa yawu, ya ce Allah ya sa babansa yana kallon wani wajen.

Da gari ya waye Lahadi, Hermelinda ce ta fara buɗe ƙofa. Ba ta yi ihu ba, ta dai koma ta taɓa kafaɗar mijinta. Evaristo ya fito ba takalmi. Gidajen layin duk suna nan shuɗɗa, ban da ɗaya. Bangon Belisario ya rikiɗe cikin dare, shuɗin ya gudu, ya bar launin tsatsa mai ɗaukar ido, ja ja, daidai inda ɗamarar take. Farar ƙasar ta cinye shi. Gwangwani babu kome, kanti babu kome, ƙararrawar coci kuma ta fara kira. Ya buga wa Belisario ƙofa ya ce su bi ta baya su hau dutse, amma kafin Tránsito ta gama ɗaura goyo, an ji kukan mota a kan gada.

Mutane suka fito daga coci suka tarar da tsuntsaye sun riga sun tsaya a gaban gidan. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye ta ce bango ya yi iƙirari, Allah ne ya tona. Maganar ta bi taron kamar wutar kara, har wasu suka durƙusa. Maƙwabtan da suka sha giyar Belisario, waɗanda alfadaransa suka kai musu kaya kwari ba sau ɗaya ba, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. An jawo Belisario waje, an buga masa gindin bindiga a baki, an durƙusar da shi a jikin bangon. Tránsito tana bakin ƙofa, ta juya fuskar yarinyar cikin zanenta. Biyu daga cikin yaran Telésforo suna zuba kananzir a kan ƙofar.

Evaristo ya shiga gidansa da gudu ya fito da bokiti. Ya ratsa taron yana cewa a tsaya, ba Allah ba ne, ba iƙirari ba ne, fenti ne, kuskuren mai shafe ne. Ya ce shi shuɗi ne, kowa ya san ubansa, ga gidansa nan, a duba. Ya ɗebi ruwan da ya kwanta a saman farar ƙasar ya watsa wa bangon gidansa, ya sake watsawa. Telésforo ya ɗaga hannu, yaransa suka dakata. Ya kunna taba ya tsaya yana kallo. Kafin tabar ta kai rabi, shuɗin bangon Evaristo ya fara gudu duk inda ruwan ya bi, yana barin layin tsatsa iri ɗaya da na gidan da ke kallonsa. Taron ya yi ajiyar zuciya. Evaristo ya dubi kompadrensa cikin murna kamar ya ce ka gani.

Telésforo ya matso ya taɓa bangon da yatsa, ya shinshina. Sha'awar abin ta kama shi da gaske.

"Ikon Allah," in ji shi. "Wato sabuwar farar ƙasa ce take cin shuɗin, sumerse?"

"Ita ce," in ji Evaristo.

"Tsohuwa fa?"

"Tsohuwa ba ta ci. Ga shi nan, duk layin ya zauna."

"Na gani, na gani." Telésforo ya gyaɗa kai, ya dubi layin daga farko har ƙarshe. "To taimaka mini, ni ban san aikin ba. Duk garin nan, me ya sa gidan nan kaɗai ya bukaci sabuwa?"

Evaristo ya buɗe baki. Da Belisario ne, da ya ce ruwa ne ya zubar da bangon, ko alfadari ne ya yi harbi, ko Tránsito ce ta dame shi da tsabta. Ƙarya goma suna kwance a ƙasa, kowa yana iya ɗauka. Amma Evaristo bai taɓa koyon ƙarya ba, domin bai taɓa yin maganar da za ta bukace ta ba. Ya tsaya da bokiti a hannu, bakinsa a buɗe, duk garin yana kallonsa.

Telésforo bai matsa masa ba. Ya karɓi adda daga hannun yaronsa, ya tsallaka layi, ya sa bakinta a bangon Belisario, daidai gefen inda aka durƙusar da shi, ya ja a hankali. Tsatsar ta zube, fari ya fito. Ya ƙara ja, farin ya zube. Jan kakan Belisario ya leƙo, sabo fil kamar jiya aka shafa.

Belisario ya ɗaga kai ya ga abin da kowa ya gani. Ya tofar da jini, ya dubi Evaristo, kuma wallahi babu fushi a fuskarsa, kusan dariya ce.

"Shekara da shekaru ba ka magana, kompadre," in ji shi, "sai yau."

Ba su ɓata harsashi ba. Saran farko ya same shi a hannun da ya ɗaga, na biyu a wuya. Mutum ne mai ƙarfi, bai faɗi da wuri ba, sai da uku suka taru a kansa, yana dafa bango yana zamewa, yana barin sawun tafinsa. Alfadaransa suna ta harbin ƙofar garke a baya, tsuntsayen suka shiga suka sassare musu jijiyoyin ƙafa, don dai kawai suna da adda a hannu. Hermelinda ce ta fizgo Tránsito da yarinyar ta tura su cikin gidanta, ta tsaya a ƙofa ta ce ƙanwarta ce, duk wanda ya isa ya zo. Ba wanda ya kula ta, sun riga sun sami abin da suka zo nema.

Gidan ba su ƙone shi ba, domin ɗaya daga cikinsu ya yaba da shi. Telésforo ya sa aka ɗauko gwangwanin shuɗi daga mota, ya miƙa wa Evaristo da hannu biyu, ya roƙe shi ya gyara bangon tun jinin bai bushe ba, ya kuma tuna masa kada ya sa farar ƙasa wannan karon. Suka zauna a bencin da ake shan giyar masara suna kallo. Evaristo ya shafa. Gawar tana kwance a gindin bangon, sai da ya riƙa tsallake ta in zai matsa gaba. Da ya gama suka yaba aikin.

Evaristo ya yi tsawon rai. Ya ga tsuntsaye sun tashi, ya ga jajaye sun dawo da nasu addunan sun yi wa layin abin da aka yi musu, ya ga ranar da manya suka sha hannu a birni aka ce kowa ya manta. Ya ci gaba da shafe har hannunsa ya fara rawa. Zamani ya zo da fenti ya daina zama na jam'iyya, amare suna zuwa da 'yan katuna daga kanti, ga shuɗi mai duhu, ga mai ruwan madara, su kira shi don Evaristo, yadda ake girmama dattijo a wajenmu, su ce wanne ya fi. Yakan ce shuɗin yana da kyau in ɗakin yana samun rana, ɗayan kuma ya fi ɗumi. In suka zaɓi shuɗi, sai ya nuna musu gidan wani mai shafen. An sha kawo masa jarirai ya riƙe a coci, bai sake karɓa ba. Mutane sun ɗauka addar ce ba ta bar idonsa ba, Hermelinda kaɗai ta san ba ita ba ce.

Washegarin kisan, bayan sun binne Belisario a bayan coci ba tare da ƙararrawa ba, Tránsito ta ɗaure abin da za ta iya ɗauka a kai, ta goya yarinyar. Wani mai motar dankali ya yarda zai ɓoye su cikin buhuna. Evaristo ya ɗaukar mata ƙullin har gada. A hanya yana ta addu'a ta zage shi, ta tofa masa yawu, ta kwashe shi da mari a gaban mutane, duk zai ɗauka da godiya. Da suka isa, ya ɗora kayan, ya taɓa ƙafar yarinyar da ke barci a baya, ya tattara duk abin da ya rage masa na murya.

"Komadre," ya ce.

Tránsito ta gyara goyonta. Ta dube shi da ladabi, irin kallon da ake yi wa mutumin kirki da aka haɗu da shi a hanya ya taimaka da kaya.

"An gode da ɗawainiya, don Evaristo," ta ce, ta hau motar.